Jan Zare a Wuyan Kwalba

Ku 'yan sitaj, masu koyon aiki, kuna ba ni dariya. Ran nan da na leƙo labo, ɗakin awon nan namu, in gaida majo, babban ma'aikacin jinya, na ji ɗayanku yana cewa aikin nan ko mai tuyar ƙosai za ta iya: a soki yatsa, a ɗiga jini a ɗan farin roba, a jira, layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Ban tanka ba, don ba a neme ni ba. Amma da ɗayarku ta nuna dunƙulen lakar can da ke rataye a taga, mai tsinken ashana da auduga da jan zare, ta tambaya ko laya ce tsofaffi suka bari, sai na ga shirun ya isa haka. Sunana Isuhu. Na yi shekara talatin da ɗoriya a kan kujerar da kuke juyi a kanta, kuma ni na murza lakar can da hannuna.

Aikina na farko wankin lam ne, wato 'yan gilasan da ake shafa jini a kansu. Wata uku ban taɓa mikiroskop ba. In wanke da sabulu, in ɗauraye, in goge da tsumma mai laushi, in kai wa Malam Haladu. Shi ne shugaban labo a lokacin, mutumin Safo, dogo, marar yawan magana, mai hannu kamar na maɗinki. Sai ya ɗaga lam sama ya kalli rana ta cikinsa. In ya ga tabon yatsa ko ɗaya, duk kwandon zai mayar mini cikin ruwa, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Na sha komawa gida ina rantsuwa gobe ba zan dawo ba, da safe kuma sai ga ni kafin mai shara.

Mikiroskop ɗinmu ba ya aiki da kuran, wato wutar lantarki. Madubi gare shi a ƙasa, da hasken rana yake gani. Da hantsi muna taga ta gabas, bayan azahar mu ɗauki tebur mu biyu mu kai shi taga ta yamma. In hadari ya haɗo, masu jira su yi ta jira tare da mu. A nan Malam ya koya mini karatun jini: yadda ƙwayar palu, zazzaɓin cizon sauro, take zama kamar ɗan zobe mai ɗigo ja, da yadda dattin ruwan rini yake kwaikwayonta ya yaudari mai gaggawa. Dokarsa ita ce sai ka duba fili ɗari kafin ka rubuta babu. In kuma ka gani tun a filin farko, kada ka tashi, ka ɗago kai ka sake kallon mutumin, ka tambayi kanka ko abin da ka gani ya isa ya kwantar da shi haka.

Mutanenmu kuwa sai wanda ya zauna da su. Masunta daga bakin tafki su zo da fitsari ja na tsargiya, su ce ai gado ne. Matan Gabi su sauko daga amalanke su ɓoye hannu cikin zane, wai jinin da za a ɗiba sai an yi wata guda ana shan fura kafin ya dawo. Wani dattijo na ba shi kwalba uku don 'ya'yansa uku, ya dawo mini da fitsarinsu duka a kwalba ɗaya, ya ce ai ciwon nasu iri ɗaya ne, me zai sa a wahalar da kwalabe. Malam ya juya baya yana dariya har kafaɗarsa na rawa, ya bar ni da bayani.

Akwai wani awo da muke ce wa bites, ana duba saurin kwanciyar jini. Da wani dogon bututun gilashi ake yinsa, pipet, siriri kamar karan alkama. A tsoma bakinsa cikin kwalbar jini, a sa ɗaya bakin a leɓe, a ja jinin a hankali har ya kai layi, a toshe da yatsa. Da baki, haka na ce. Kada ku yamutsa fuska, kowa a zamaninmu haka yake yi. Muna da 'yar robar zuƙa guda ɗaya tak, ta tsufa, tana da nawa, muna ajiye ta cikin gwangwani da hoda don kada ta tsage. Malam kuwa in ya ja da baki, jinin kan layi yake tsayawa cak, ba sama ba ƙasa. Yana alfahari da wannan, ni ma ina alfahari da shi.

Saboda haka ne ya kafa dokar jan zare. Akwai ƙullin zaren ɗinki ja rataye a ƙusa kusa da inda ake ɗibar jini. Duk majinyacin da bai kwanta maka a rai ba, ko idonsa ya yi rawaya, ko jini ya ƙi tsayawa, ko daga doguwar tafiya yake, sai ka yanki zare ka ɗaura a wuyan kwalbarsa. Kwalba mai jan zare ba a kai mata baki. Sai a sa safar hannu, a fito da roba daga gwangwani, a wanke tebur da jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Rubutu kan goge, takarda kan ɓalle, mai sharar mu kuma ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma kowa ya san ja. Har ƙullin nasa dabam ne, zagaye biyu da madauki, don a kwance da hannu ɗaya.

Mugunyar shekarar ta zo bayan kaka, wake ya yi kyau, motoci suna ta tsallaka iyaka da shi. Aka kawo mana wani direba, Sale, wanda ya kai kaya can kudancin Najeriya ya yi kwanaki yana kwana a ma'ajiyar hatsi yana jiran a sauke masa. Zazzaɓi kwana bakwai, maƙogwaro yana ciwo, ido ja, fuska ta ɗan kumbura. Ni na ɗibi jininsa. Jijiyar ta ba ni wuya, abin da na samu bai kai rabin kwalba ba. Na danna masa auduga, ta jiƙe. Na sauya wata, ita ma ta jiƙe. Raina bai kwanta ba. Na miƙa hannu na yanki jan zare, na ajiye shi a kan tebur kusa da kwalbar, na ce bari lam ya bushe in gani tukuna.

A fili na uku na ga zobba, ga su nan a sarari. Wanda bai yi aikin nan ba ba zai san daɗin da ido yake ji in ya samu abin da yake nema ba. Layi ya kai har bakin ƙofa, yara suna kuka, ni kuma a lokacin an fara cewa Isuhu ya fi kowa saurin ido, kuma maganar ta shige ni. Na rubuta palu. Ban ɗago na sake kallon Sale ba. Na manta cewa a wannan lokacin na shekara, ko lafiyayye ka tare a kasuwa ka soki yatsarsa kana iya ganin zobe. Na share guntun zaren na jefa a aljihun riga, na sa kwalbar cikin sauran.

Bayan azahar Malam ya zauna yin bites. Ya ɗauki kwalbar Sale, ya duba wuyanta, babu zare, ya tsoma pipet. Jinin kaɗan ne, bakin pipet ya fito sama da shi ya zuƙi iska, jinin ya harbo har cikin bakinsa. Ya tofar, ya kurkure da ruwa, ya sake da ruwan gishiri. Ya yi 'yar dariya ya ce jinin direbobi ɗanɗanon man gazuwal gare shi. Sannan ya tambaye ni mi ke damun mai kwalbar.

“Palu ne, Malam,” na ce. Hannuna yana cikin aljihu, yana taɓa zaren.

Kwana huɗu bayan nan labari ya zo daga Maraɗi, inda aka wuce da Sale. Kinin, maganin palu, bai taɓa zazzaɓin ba, jini ya ɓalle masa ta dasashi da hanci, ya rasu. Malam yana kan mikiroskop aka faɗa. Bai ɗago ba sai da ya gama filinsa ɗari.

A kwana na goma zazzaɓi ya kama shi. Ni na duba jininsa, fili ɗari biyu, sau uku, da lam da na wanke da kaina. Babu zobe ko ɗaya. Duk da haka aka sa masa kinin, don shi ne abin da ke akwai. Shi ya tsara jinyarsa daga kwance: matarsa, Inna Hajo, ta ajiye abinci a bakin ƙofa, kada yara su shigo, kwanonsa da butarsa a wanke da jabel, ni kaɗai zan shiga, da safar hannu. Ranar da na ɗibi jininsa don a aika babban labo na can birni, ya kalli kwalbar a hannuna, muryarsa ta dushe, ya ce, “Ɗaura zare.” Na ɗaura, sai da na yi ƙullin sau uku. Na jera ƙanƙara a gilasiye, akwatin sanyi, na naɗe kwalbar cikin leda biyu da gwangwani, na ba motar da za ta yi kwana guda a hanya.

Ya sha da ƙyar. A mako na uku zazzaɓin ya sauka, ya fara shan kunu, muka yi ta godiya ga Allah. Sai ranar kasuwa da hantsi ya tambayi Inna Hajo mi ya sa garin ya yi tsit, ko an hana cin kasuwa ne. Tana ba shi amsa yana kallon bakinta. Kunnuwa biyun sun tafi, ba su kuma dawo ba.

Takardar birni ta iso bayan ya miƙe. Awon wancan lokacin ba ƙwayar cutar yake nema ba, sojojin da jiki ke ƙerawa don yaƙarta yake nema. In an gan su, an san ta shigo. Takarda ta ce ba a ga komai ba. Likitoci suka ce kinin ne ya toshe masa kunne. Mutanen gari suka ce iskokin tafki ne. Malam bai karɓi ko ɗaya ba. Ya ce ya ga mutum ɗari da kinin ya toshe wa kunne, kwana kaɗan yake yi ya saki. Ya ajiye aiki, don ba ya jin abin da majinyaci ke cewa, ya koma Safo. Ya bar mini kujera da mikiroskop da ƙullin zaren a ƙusa.

Tun daga nan duk Juma'a, in an sauko daga masallaci, sai in hau moto, babur ɗina, in tafi Safo da allon 'yan lakwal da alli. In rubuta masa labarin labo, ya karanta ya yi gyara. Na rubuta masa zuwan kuran, da zuwan firigo na sanyaya jini, da ranar da aka hana ja da baki gaba ɗaya, da zuwan ɗan farin robar nan naku. Kuma ba na tashi sai ya yi tambayarsa, da ƙarfi, kamar yadda kurame ke magana: “Isuhu, mi ya shiga jikina har takarda ta ce ba kowa? Ƙanƙarar ce ta narke, ko jinina ne bai iya hwaɗa ba?” Abin yana cinsa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana gaya wa mutane sunan abin da ke damunsu, nasa kuma ba suna. Ni kuwa sai in rubuta Allah ne masani, in goge. Shekara ashirin na rubuta komai a allon nan ban da maganar zare. Kunya ce, da tsoron kada ya daina yi mini murmushin da yake yi in ya hango moto.

Ɗiyata Barira ce ta kawo amsar, ba tare da ta san ana nema ba. Ta yi karatun kimiyya a birni, ta wuce waje tana nazarin siffar furotin, wato 'yan ƙananan gine-ginen da kowace halitta take da su. Ta zo hutun sallah, muna zaune a tsakar gida, ta nuna mini hoto a wayarta, wani abu mai launi kamar tulin igiya da aka cukurkuɗa. Ta ce ƙahon ƙwayar zazzaɓin Lasa ne, wadda ɓeraye ke zubarwa a kan hatsi. Na ce shekara talatin ina duba jini ban taɓa ganinta ba. Ta ce ko shekara ɗari zan yi ba zan gani ba, ta fi ƙarfin mikiroskop ɗinmu. Su ma daskarar da ita suke yi, su ɗauki hotuna masu yawa da wata babbar na'ura, a haɗa siffar.

Ta yi mini bayani a hankali, kamar yadda na yi mata ƙidaya tana ƙarama. Ƙwayar dunƙule ce, jikinta duk ƙahoni, kowane ƙaho furotin uku ne a haɗe, da su take buɗe ƙofar ƙwayoyin jikin mutum. Sojojin jiki kuma kamar 'yar gwafa suke, sai sun dace da siffar ƙahon sannan su kama. To ƙahon a lulluɓe yake da gashin sukari, kuma sukarin ba nata ba ne, jikin mutumin ne da kansa yake yafa mata shi lokacin da take hayayyafa a cikinsa. Gwafa ta zo ta taɓa, ta ji kayan gida ne, ta wuce. A ciki kuma akwai wani furotin mai ɗan rami kamar baki, aikinsa ya tauna ɓurɓushin da ƙwayar ke bari in tana kwafar kanta, ɓurɓushin da jiki ke gani ya yi kururuwa. Shi ya sa sojojin kan makara, wani lokaci sai mutum ya warke ko ya mutu ba su fito sosai ba. In an ɗibi jini a kwanakin farko aka nemi su, ba za a gan su ba.

Na tambaye ta kunne fa. Ta ce ciwon yana yawan barin kurumta ga waɗanda suka tashi, kuma har yanzu ba a gama sanin dalili ba. Sai ta dube ni da kyau. “Baba, kana tunanin Baba Malam ne? Ba zan ce maka tabbas shi ne ba, jinin ya tahi. Amma komi ya yi kama.”

Juma'ar nan na kai masa wayar. Lokacin yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuma manyan baƙaƙe kawai yake gani, a rana, allo dab da hanci. Ya kalli hoton ya ce shi dai launi yake gani kamar zanen atamfa. Na dawo gida raina a ɓace. Na samu amsar da ya jira shekara ashirin, ga kunne babu, ga ido ya tafi.

Da safe na gangara bakin tafki na ɗebo laka. Na murza dunƙule kamar ƙwallon goruba, na soka tsinken ashana uku-uku a jikinsa, na shanya. Na yanko ɗan reshe mai baki biyu. Auduga kuwa ban ɗauka daga labo ba. Da na isa Safo na roƙi Inna Hajo ta farke gefen matashin Malam ta ba ni kaɗan, ta ba ni tana kallona kamar na taɓu. Na sa masa dunƙulen a hannu tsirara tukuna, na ba shi reshen, ya laluba, gwafar ta kama kan ashana caraf. Na karɓa na naɗe kawunan da auduga na mayar masa. Ya gwada, ta zame. Ya sake, ta zame. Na rubuta da manyan baƙaƙe, layi-layi, ina gogewa: wannan ƙwayar ce, wannan sojanka ne, audugar ta matashinka ce. Ya kai dunƙulen hanci ya shinshina. Yatsunsa suka yi ta bin ƙahonin.

“Ashe da rigata ta shigo,” ya ce. “To jinina bai yi ragwanci ba. Kuma kai ba ka ɓata ƙanƙara ba.” Ya yi dariyar nan tasa mai girgiza kafaɗa, hawaye suna bin gemunsa.

A nan ne na ga in ban faɗa yau ba, ba zan ƙara samun rana ba. Na fito da kwalba marar komai da guntun jan zare daga aljihu, na sa masa kwalbar a hannun dama, zaren a hagu, a rabe. Na rubuta: ta Sale. Na yanka, ban ɗaura ba. Ya riƙe gefen allon ya karanta.

Murmushin bai bar fuskarsa ba. “Na ga zaren ga bisa tebur, Isuhu, tun kahin ka sa shi aljihu. Na ce yarona ya duba, ya ga ba komi. Ni na koya maka ido, ni kuma na yarda da shi har na bar nawa. Rabonka na yahe shi tun ina kwance.” Sai ya laluba ya kama wuyan hannuna ya matse. “Abu guda kawai. Ni na ɗauka don ni kake zuwa duk Juma'a. Kada ka ce mani don zare ne.”

Ya ajiye kwalbar, ya ɗauki dunƙulen, ya ɗaura masa zaren ba tare da ya gani ba, zagaye biyu da madauki. Ya ce in kai labo in rataya inda yara za su gani su tambaya.

Juma'a ta gaba na koma, da wadda ta biyo ta, ba ni da sauran abin ɓoyewa, muna zaune a inuwa yana ba ni labarin wake da jikoki. Su ne ranakun da suka fi mini daɗi a duk shekarun, kuma ba su yi yawa ba. Damina na tsayawa ya rasu.

To kun tambaya, kun ji. In ɗan farin robanku ya nuna layi biyu, ku ɗago kai ku sake kallon mutumin. Dunƙulen can kuma ku kakkaɓe masa yanar gizo in kun ga dama, amma kada kowa ya kwance ƙullin, don hannunsa ne. Ni har yau, in liman ya sallame sallar Juma'a, sai in ji hannuna ya shiga aljihu yana neman makullin moto.